Dorugu: Yaron Gefen Daura da Sarƙar Mutanen da Ta Kai Shi Landan



Wanda ya tashi daga Sandamu ya shiga Daura, ya miƙi hanyar arewa ta Kongolam, zai tsallaka iyaka ya faɗa ƙasar Nijar, ya wuce Matamaye, daga nan sai Kance. A yau akwai shingen jami'ai a tsakani, amma Hausa ɗaya ake yi, ana auratayya, ana cin kasuwannin juna. A gefen Kancen nan ne, a wani ƙauye mai suna Dambanas, aka haifi wani yaro wajen shekarar 1840. Sunansa Dorugu. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. Da rayuwa ta tafi yadda aka saba, da shi ma ya gaji gona da ganga ya mutu a garinsu, ba wanda zai san an yi shi.

Abin da ya sa muka ɗauko shi yau shi ne, mu da ke koyon rubutu mun saba fara lissafin zube na boko daga gasar 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. To ashe kusan shekara 80 kafin wannan gasa, wani Bahaushe matashi ya zauna a wani gida a Ingila ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta da baƙaƙen boko. Yadda ya kai ga wannan gida, ta hannun wa da wa ya bi, da kuma sunan da Kiristocin da suka karɓe shi suka ba wannan tafiya, shi ne zancenmu.

Sai mun fara duba halin da ƙasar take ciki. Bayan jihadi ya ci Daura a farkon ƙarni na 19, Malam Isiyaku ya zauna a birni, gidan sarautar Haɓe kuma ya fita. Zuriyarsu ta rabu, wasu suka kafu a Zango, wasu a Baure. A arewa kuwa Damagaram na ƙara ƙarfi, tana kai gaisuwa Barno, kuma bayi na cikin abin da ake kaiwa. Talakan da ke noma tsakanin waɗannan sarakuna bai da tabbacin wane ne zai kare shi, wane ne kuma zai kama shi. Sarautar Haɓe ba ta dawo birnin Daura ba sai 1906, da Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango. Wato kusan shekara 100 ƙasar na cikin wannan ja-in-ja. Wani Bature ɗan Ingila, James Richardson, ya zauna a Zindar a farkon 1851, ya kuma rubuta yadda ya ga mayaƙan sarki sun dawo daga hari suna kore da mutane, manya da ƙananan yara. Irin wannan hari ne ya rutsa da Dorugu. Aka kai shi Zindar, aka raba shi da ubansa, ya yi ta sauya hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Barno na lokacin, a hannun wani Balarabe.

Richardson ɗin nan ba shi kaɗai ya zo ba. Su uku ne suka taso daga Tarabulus a 1850 da kuɗin gwamnatin Ingila: shi da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Richardson bai kai Kukawa ba, ya rasu a hanya a watan Maris na 1851. Overweg ya kai, kuma shi ne ya fanshi yara biyu ya 'yanta su, Dorugu da wani ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, wanda ya ɗan girme shi. Ba a daɗe ba, a watan Satumba na 1852, zazzaɓi ya kashe Overweg a Maduwari, kusa da Tafkin Cadi. Ku lura da wannan wuri da kyau. Yaro marar dangi a Kukawa, wanda ya 'yanta shi ya mutu, me zai hana a sake kama shi kafin sati ya zagayo? Abin da ya tsare su shi ne Barth ya ɗauki yaran abokinsa kamar amanar da mamaci ya bari, ya sa su cikin ayarinsa.

A ƙarshen 1852 suka bar Kukawa suka nufi yamma. Suka biyo ta Zindar, garin da Dorugu ya shiga a ɗaure a baya, suka sauka Katsina a farkon 1853, suka gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a kusa da Wurno, suka wuce Gwandu, suka haye Kwara a Say. (A lokacin nan Nana Asma'u tana raye tana rubuta waƙoƙinta da ajami. Kada wani ya fita daga nan yana cewa Bature ne ya koya wa Bahaushe rubutu. Abin da muke magana a kai shi ne boko kawai.) A watan Satumba na 1853 suka shiga Tumbuktu.

A can ne aka yi wani abu da ya kamata kowane marubucin ƙasar nan ya sani. Barth yana tafiya da sunan Abdulkarim, amma da aka gane Kirista ne, mahukuntan Masina da ke Hamdallahi suka aiko a kore shi ko a miƙa musu shi. Shehu Ahmad al-Bakka'i, babban malamin Ƙadiriyya na gidan Kunta, ya ce ba zai ba da baƙonsa ba. Bai tsaya ga faɗa da baki ba, ya rubuta wa sarkin Masina takarda yana kafa hujja da shari'a cewa wanda ya shigo da aminci ba a taɓa shi. Wata da watanni ana wannan tirka-tirka, wani lokaci sai ya fitar da baƙon daga gari ya kai shi sansaninsa a cikin rairayi. Da ya ga hanya ta samu a 1854, shi da kansa ya yi masa rakiya mai nisa a bakin kogi. Da malamin nan ya sassauta ko sau ɗaya, da babu littafin Barth mai juzu'i 5, babu kuma labarin Dorugu, domin yaran da ke riƙe da raƙuman Kirista ba su ne za a bari su koma gida lafiya ba.

Suka dawo ta Sakkwato da Kano zuwa Kukawa, a 1855 kuma suka shiga Sahara ta hanyar Bilma da Murzuk. Hanyar fataken bayi ce. Turawan da suka bi ta shekara 30 kafin nan, su Denham da Clapperton, sun rubuta cewa a bakin wasu rijiyoyin ƙasusuwan mutane ne birjik, yawancinsu bayin da ƙishirwa da gajiya suka kashe. Dorugu ya ratsa ta yana ɗa. Sa'o'insa da yawa daga Kance da Baure da ƙauyukan Daura sun bi ta da igiya a wuya. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa. A watan Agusta suka isa Tarabulus, suka bi ta Malta da Faransa, a farkon Satumba na 1855 suna Landan. Barth ya kai su har Jamus, ƙasarsu.

Yanzu sai mu bar su can mu ɗauko wani zaren, domin akwai mutumin da ya yi shekaru yana jiran irinsu bai san ta inda za su ɓullo ba.

James Frederick Schön Bajamushe ne, an haife shi a 1803, ya yi karatun mishan a Basel, ƙungiyar CMS ta cocin Ingila ta tura shi Saliyo a 1832. Saliyo a lokacin matattara ce ta bayin da jiragen yaƙin Ingila ke ƙwatowa a teku, saboda haka a birnin Firitawun ana jin harsuna fiye da ɗari, har da Hausa da Barbarci. A bakin waɗannan 'yantattun bayi ya fara jin Hausa. A 1841 aka sa shi cikin tawagar da ta hau Kwara da jiragen ruwa uku, da niyyar ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi. Tafiyar ta zama masifa, zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, aka juya daga Egga a ƙasar Nufe. Schön bai taka ƙasar Hausa ba, a lokacin ko bayansa. Amma ya dawo da yaƙinin cewa Hausa ce mabuɗin cikin ƙasa, a 1843 ya buga ɗan littafin kalmomi. Daga baya rashin lafiya ya mai da shi Ingila, ya zama limamin Kirista na wani asibitin sojan ruwa a garin Chatham. Kun ga mutum ke nan da ya ɗauki harshe a matsayin aikin rayuwarsa, ga shi nesa da masu harshen.

Abokin tafiyarsa a 1841 shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, wanda aka kama yana yaro a 1821, aka sa shi a jirgin masu fataucin bayi, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin a 1822. Ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa a Abekuta bayan kusan shekara 25, a 1864 kuma ya zama bishop. Crowther ya taɓa rubuta labarin kamunsa, a ciki ya nuna cewa ranar nan ta baƙin ciki daga baya ya koyi ganinta a matsayin ranar albarka, domin ta dalilinta ya san Almasihu. Nan ne ainihin abin da muke son mu fahimta.

Kirista ya gaskata cewa Allah bai halicci duniya ya juya mata baya ba. Yana riƙe da ita, yana bi da al'amura, manya da ƙanana, zuwa ga nufinsa, har mugun aikin da mutum ya yi yana iya juya shi ya fitar da alheri, ba tare da laifin ya sauka daga kan mai laifi ba. Kiristocin Hausa sukan ce tanadin Allah, ko shirin Allah, ko nufin Allah. Musulmin cikinmu ba zai ji wannan baƙon zance ba, yana da ƙaddara, yana kuma da karin maganar da kowa ya sani cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Inda Kiristan wancan zamani ya ƙara nasa shi ne wajen karanta tarihi. Shugabannin CMS, irin su Henry Venn, sun ɗauka cewa bayin da aka tara a Saliyo daga kowace kusurwa, Allah ne ya tara su domin su koyi bishara su mayar da ita garuruwansu da harsunansu. A wurinsu, bawan da aka 'yanta tamkar wasiƙa ce da za a mayar inda ta fito.

To ku auna yadda Schön ya ji da labari ya iske shi cewa ga Barth ya sauka da samari biyu masu jin Hausa, ɗaya ma ita ya sha a nono.

Barth ya yi shirin mayar da su gida. Schön ya nemi su zauna wurinsa, suka zauna, abin ya zama rigima tsakanin Jamusawan biyu. Kowa yana da hujjarsa. Barth yana ganin shi ya ɗauko amanar, shi ya kamata ya sauke ta. Schön yana ganin ƙofa ce Allah ya buɗe, rufe ta zunubi ne. A tsakiya kuwa ga yaro ɗan shekara 15 ko 16, wanda tun yana ƙarami wasu ke yanke masa inda zai kwana. Aka yi musu baftisma. Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega, Buxton ɗin kuwa sunan jagoran yaƙi da cinikin bayi ne wanda ya assasa tafiyar 1841. Dorugu ya zama James Henry Dorugu. Ku dubi sunan nan: James sunan Schön ne, Henry kuma shi ne yadda Barth ke rubuta nasa da Ingilishi. Mutanen biyu da suka yi jayayya a kansa ga su jere a gaban sunan da iyayensa suka raɗa masa.

Abbega ya koma Afirka a 1857. Dorugu ya zauna da iyalin Schön har 1864, kuma a waɗannan shekaru ne aikin ya bunƙasa. A 1857 aka buga Linjilar Matta da Hausa, Littafin Farawa ya biyo baya, a 1862 nahawu ya fito. Ƙamus ya fito a 1876, har ya ci wa Schön lambar yabo ta Volney a Faransa, Sabon Alkawari kuma a 1880. Duk wanda ya taɓa fassara ko da shafi ɗaya ya san yadda ake yi: ka faɗi jimla, mai harshe ya girgiza kai, ka sake, ya ce ba haka muke cewa ba. Sunan Schön ne a bangon littattafan, amma kunnen da ya tace su na yaron Dambanas ne.

Littafin Farawa shi ne ke ɗauke da labarin Yusufu. Mu tsaya a nan kaɗan. Ga dattijo Bajamushe, ga saurayi Bahaushe, suna neman kalmomin Hausa da za su faɗi yadda aka jefa yaro a rijiya, aka sayar wa ayarin fatake masu raƙuma, aka kai shi baƙuwar ƙasa, aka sake masa suna, ubansa yana can yana kuka. Ɗaya daga cikinsu ya karanta labarin a makarantar Basel. Ɗayan ya san nauyin igiyar, ya san farashin da aka saye shi. A ƙarshen labarin, Yusufu ya shaida wa 'yan uwansa cewa su mugunta suka nufa, Allah kuwa ya mai da ita alheri domin mutane da yawa su rayu. Wannan wuri yana cikin manyan ginshiƙan koyarwar Kirista a kan tanadin Allah, Musulmi kuma ya san labarin daga Suratu Yusuf.

Ga inda muke ganin marubuci ya kamata ya buɗe ido. A labarin Yusufu, wa ya yi wannan magana? Wanda aka sayar ne, da bakinsa, bayan shekaru, lokacin da iko ya dawo hannunsa kuma yana iya ramawa bai rama ba. Ba fataken da suka saye shi ne suka faɗa ba, ba kuma maigidan da ya amfana da aikinsa ba. Haka Crowther: shi aka kama, shi ya ce ranar ta zama albarka, babu mai ikon ƙwace masa wannan magana. Amma idan wanda ya ci moriyar zuwan bawa ne ya ce Allah ne ya aiko masa shi, maganar tana iya zama gaskiya a wajen mai bangaskiya, sai dai nauyinta ya ragu, kuma da sauƙi take zama mayafi. Sannan ga ƙasusuwan nan na hanyar Murzuk. Duk wanda zai rubuta cewa Allah ya tsara wa Dorugu hanya zuwa Chatham, dole alƙalaminsa ya yi nauyi idan ya tuna waɗanda hanyarsu ta ƙare a bakin rijiya. Malaman Kirista masu zurfi sun san da wannan tambaya, tana nan a Littafin Ayuba, kuma ba su ce sun gama amsa ta ba. Mu masu ƙirƙirar labari mu ne muka fi saurin amsawa. Jarumarmu ta sha wahala babi 30, a babi na 31 wani Alhaji ya tsince ta, mu ce dama haka Allah ya tsara, mu manta da ƙawarta da muka kashe a babi na 4 don kawai labari ya motsa.

Ba muna cewa Schön maci amana ba ne. Mutumin da ya ba harshen da bai taɓa ganin ƙasarsa ba fiye da shekara 40, ya ajiye yaro baƙo a cikin iyalinsa shekara 8, ba za a kira shi haka ba. Dangantakar tasu irin wadda Bahaushe ya sani ce sarai, ta ubangida da yaronsa, akwai ƙauna a ciki, akwai kuma amfani, kuma ba a auna su a faifai ɗaya. Haka tsakaninsa da Overweg, haka da Barth. Babu ko ɗaya daga cikin mutanen nan da ya haɗa jini da shi, uku Kiristoci ne Jamusawa, ɗaya shehin ɗariƙa ne Balarabe da ke kare wani ba shi ba. Kowannensu ya riƙe zoben da ya faɗo hannunsa, bai ga sauran sarƙar ba.

Labarin Dorugu na kansa, wanda ya faɗa Schön yana rubutawa, bai fito cikakke ba sai 1885, a cikin littafin da aka kira Magana Hausa, tare da tatsuniyoyi da karin magana. Kusan shekara 30 yana ajiye. Wanda ya samu ya karanta zai sha wahalar rubutun da farko, domin babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, waɗannan sai a shekarun 1930 suka zauna. Amma da kunne ya saba, murya ce ta matashi mai ido. Abin da ya fi yawa a ciki shi ne abin da ya gani: ƙuruciyarsa a gona, ranar da aka kama shi, garuruwa, abinci, halin mutane. Wurin da aka fi ambato shi ne inda ya kwatanta yadda Turawan Ingila ke cin abincin dare idan sun gayyaci baƙi, daki-daki, kamar mai ba da labarin wata baƙuwar ƙabila. A zamanin da Bature ke zuwa ya rubuta al'adunmu, ga namu yana rubuta nasu. Mai son koyon siffantawa ya je can.

Shekara kusan 50 bayan wannan, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace, wani Balarabe ya ɗauke shi ya haye Sahara da shi ya rene shi ya zama malami, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ta faɗa bauta ta kai Tarabulus. Hanya ɗaya ce, tambaya ɗaya ce, sai dai wannan karon da idon Musulmi. Wani abin da ke ba mu murmushi: sunan Balaraben da ya ɗauki Umar shi ne Abdulkarim, sunan da Barth ya yi yawo da shi. Abin da ya sa littafin bai tsufa ba, a ganinmu, shi ne Ɓalewa bai bar ɗaukakar ɗan ta shafe wahalar uwar ba. Sun haɗu, amma ta riga ta ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu.

To me ya faru da shirin mishan na mayar da wasiƙa inda ta fito? Bai tafi yadda aka zana ba. Abbega ya yi aiki da Turawan da ke bakin Kwara, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya dawo a 1864 ya yi rayuwarsa yana tafinta. 'Yan mishan ba su kai birnin Kano da niyyar zama ba sai 1900, lokacin da Bishop Tugwell ya zo da tawagarsa, ciki har da Dokta Walter Miller, Sarki Alu kuma ya ce su fita. Bayan Turawa sun ci ƙasa ma, gwamnatinsu ta taƙaita wa mishan shiga masarautun Musulmi. Miller ya samu zama a Zariya, daga baya aikin ya koma Wusasa, kuma da hannunsa a cikin fassarar cikakken Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932.

Dorugu kuwa, ƙarshen rayuwarsa a Kano ya yi shi. Hanns Vischer, wanda muka fi sani da Ɗan Hausa, shi ma da farko ɗan mishan ne na CMS kafin ya koma aikin gwamnati. Da ya buɗe makarantar boko ta Nassarawa a 1909, inda 'ya'yan sarakuna da malamai suka fara koyon a, ba, ca, Dorugu yana cikin waɗanda suka koyar, yana tsoho ɗan wajen shekara 70. A nan ya rasu a 1912, shekarar da Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. Schön ya so yaron ya koma da bishara. Abin da ya tabbata ya koma da shi ya raba wa jama'a shi ne baƙaƙen da aka rubuta bisharar da su, kuma mafi yawan waɗanda suka gaje su Musulmi ne, suna rubuta wa'azi da soyayya da siyasa, da muhawarar da muke kwana muna yi a waya. Kiristan cikinmu yana iya cewa wannan ma tanadin Allah ne, wanda ya fi shirin ɗan mishan faɗi. Musulmin cikinmu zai ce bawa yana nasa, Allah yana nasa. A kan wannan gaɓa dai da wuya su yi musu.

Akwai kuma abin da ya bi ta ɗaya ɓangaren. Wanda ya shiga coci a Wusasa, ko a Malumfashi, ko a Maraɗi, ya saurari addu'a da Hausa, zai ji Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, albarka, gafara. Kalmomin da makarantar allo ta shigar cikin harshe ne, masu fassara suka iske su a bakin mutane suka ɗauka, domin babu wata Hausar da za a yi zancen Allah da ita sai wannan. A wani wurin kuma suka zaɓi ta gida: inda Musulmi ya fi cewa imani, Kirista ya fi cewa bangaskiya, wato ba da gaskiya, Hausa tsantsa. Marubucin da zai sa Bahaushe Kirista a labarinsa ya san wannan. Sau da yawa mukan ba shi sunan Turanci, mu sa masa gurɓatacciyar Hausa a baki kamar jiya ya sauka daga mota, alhali mutanen Wusasa da Kiristocin da suka fito daga gidajen Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina, wasunsu sun fi mu karin magana.

Abbega ma bai ɓace ba. Jikansa ta wajen uwa shi ne Maimaina na Jega, wanda ya yi wa Turawa aiki a farkon mulkinsu, daga baya ya zama Sarkin Askira a ƙasar Barno, shi ma kuma ya bar labarin rayuwarsa da Hausa. A 1971 wasu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara labaran biyu zuwa Ingilishi, jami'ar Yale ta Amurka ta buga su a littafi guda: rabin farko na Dorugu, rabi na biyu na jikan yaron da aka 'yanta tare da shi a Kukawa.